Tukunya Biyu, Kwano Ɗaya

Ƙanena ne ya jawo maganar, kamar yadda ya saba jawo kowace magana ta waya daga Abuja, yana miƙe a ɗaki mai sanyi, ni kuwa ina nan Mubi ina fama da Baba. Ya ce wai tukunyar lantarkin da nake dafa wa Baba abinci da ita ta zama tsohon yayi, yanzu akwai wadda ke magana da waya. Na ce masa ni ban nemi tukunya mai magana ba, masu magana sun ishe ni a makaranta. Ya yi dariya, ya ce in dai saurari kiran direba daga tasha.

Baba ya dawo wurina ne daga ƙauyenmu Bahuli bayan rasuwar mahaifiyarmu. Idanunsa sun riga sun tafi, sai dai ya bambance rana da inuwa, haƙoran ma saura na rantsuwa. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare da ke hanyar Digil, in fita da sassafe, ba na dawowa sai bayan la'asar. Barin makaho da murhu ko risho ba abin da zan yi ba ne, shi ya sa na sayi tukunyar nan ta farko a kasuwa. Irin mai dafa abinci a hankali ce, ka zuba komai da safe ka tafi harkarka. Ba ta da wata kwalliya: kasko mai nauyi, murfin gilashi, da maɓalli ɗaya da ake murɗawa. Ba ta cin wuta sosai, don haka 'yar solar da ke kan rufinmu tana riƙe ta.

A baranda nake ajiye ta, don nan soket yake, nan kuma Baba yake yini a kan tabarma. In zuba wake, manja, albasa, daddawa da busasshen kifi, wani lokacin ƙafar saniya in na samu mai kyau wurin mahauta. In ajiye masa kwano da ludayi da butar ruwa inda hannunsa zai kai. Ranakun da ba aiki nakan ji yadda take yi: da hantsi murfin zai fara ƙar-ƙar-ƙar, tururi yana tsiyaya ta gefe, kafin azahar kuwa ƙamshin ya cika gidan ya haura katanga. In na dawo daga makaranta sai in tarar da kaskon kusan fayau, kwanon a wanke an kife shi a gefen tabarma. Har alfahari nake yi a ɗakin malamai, ina cewa tsohona ido ne kawai ya rasa, amma ciki sai dai a yi masa addu'a.

Bayan katangar tamu gidan wani dattijo ne Bafillace, kowa a layin Bappa yake ce masa. Da can dillalin shanu ne, yanzu ƙafa ta hana shi zuwa kasuwa, yana zaune da matar ɗansa wadda ita ma yini take a wurin sayar da nono. Na san yana leƙowa su gaisa da Baba, su yi ta Fillanci suna tuna shekarun da mayo, wato kogin garin, ke cika har ya hana mutane tsallakawa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban taɓa tunanin akwai wani abin sani bayan wannan ba.

Sabuwar tukunya ta iso a cikin kwali kamar na talabijin. Gaskiya ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba. Baƙa ce mai sheƙi, da ɗan allo mai haske a gaba, da maɓallai reras. Murfinta na ƙarfe ne mai roba a ciki, in ka murɗa shi ya kulle, tururin kirki ba ya fita. Ƙanena ya yini yana koya mini ta bidiyo yadda zan haɗa ta da wayata. Ya ce daga cikin aji zan iya rage mata wuta ko in ƙara, za ta gaya mini in abinci ya nuna, za ta riƙe shi da ɗumi, har in an buɗe murfi zan gani. Ya kuma ja mini kunne kada in bar ta a waje, feshin ruwa da kaji su lalata ta. Sai na share mata teburi a falo, na shimfiɗa mata leda mai fure kamar baƙuwa. Tsohuwar kuwa na wanke ta na ɗora a kan kabad.

Ranar Asabar na gwada ta da ƙafar saniya. Kai, abin ba a magana. Naman ya saki ƙashi da kansa, romon ya yi kauri, ƙamshin duk ya zauna a ciki, sai da na buɗe ya buge ni. Muka ci tare da Baba, ya suɗe yatsu, ya sa wa ɗansa albarka. Na kama hannunsa na kai shi falo, na nuna masa yadda ake murɗa murfin hagu a ɗaga. Ya gwada, ya buɗe, ya rufe. Ya ce ai wannan ba wuya. Na kira ƙanena na ce masa ya yi abin kai, har na ba shi haƙuri a kan tsiwar da na yi masa.

Ranar Litinin ina cikin aji waya ta yi ƙara, tukunya ta ce abinci ya nuna. Na ji daɗi, har na nuna wa abokiyar aikina. Azahar ta yi, ba a buɗe murfi ba. Aka tashi yara, ba a buɗe ba. Na hau keke napep hankalina a tashe, ina zaton ko Baba ya faɗi. Na same shi zaune lafiya lau a tabarmarsa, kwanon a bushe. Ya ce bai ji yunwa ba ne. Na zuba mana, muka ci tare, ya ci sosai kuwa, irin cin wanda ya yini da yunwa.

Washegari haka. Rana ta uku ma haka. Nan fa kaina ya fara ɗaurewa. Mutumin da ke share kasko guda shi ne yanzu ba ya jin yunwa da rana, amma da yamma yana cin abinci hannu baka hannu ƙwarya? Na ce ko murfin ne ya gagare shi yana jin kunyar faɗa. Na sake koya masa, ya buɗe a gabana tsaf, har ya ce in daina mai da shi yaro. Na ce ko tafiyar falon ce, sai na fara tashi da wuri in dafa, in zuba masa a kula in ajiye a gefen tabarma. In dawo in tarar da kular yadda na bar ta. Na ce ko yana jin ɗanɗanon ƙarfe ne, ya ce abinci ba shi da laifi. Na ce ko fushi yake da ɗansa don bai zo Kirsimeti ba, ya ce wane irin fushi, yaro yana neman na kansa. Kowace ƙofa na ƙwanƙwasa sai in ji ta a rufe, kuma cikin ladabi yake rufe ta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Tsoho mai shan magani safe da rana ba ya jure cin abinci sau ɗaya. Kafin wata ya ƙare wuyan rigarsa ya yi masa yawa, in ya tashi sai ya dafa bango. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda mahaifiyarmu ta fara, ita ma da ƙin abinci ta fara. Na kai shi asibiti, suka auna abin da za su auna, suka ce ba su ga komai ba, a dai lallaɓa shi ya riƙa ci. Na ce a raina, sannunku da aiki, da ban zo ba ai da ban sani ba. Ƙanena kuma kullum da sabuwar shawara. Wai in canja tsarin dahuwa, akwai na miya daban, na nama daban, in duba a waya. Ranar da raina ya ɓaci na ce masa wayar ta gaya mini komai, har zafin romo, abu ɗaya ne ba ta gaya mini ba, shi ne me ya sa uban da ya haife mu yake ramewa a gaban tukunya cike.

A cikin kwanakin nan na haɗu da Bappa a bakin layi yana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya yi ta tambayar lafiyar Baba kamar wanda ke can garin Maiha, ba mutumin da katanga ɗaya ta raba su ba. Na ce masa kwana biyu ban ji Baba ya ambaci zuwansa ba. Ya ce lafiya ƙalau, ƙafa ce kawai. Na yi masa sannu na wuce. Har ga Allah ban haɗa wannan da komai ba, abin da ke kaina daban ne.

Damina ce ta shiga tsakani. Aka kwana ana ruwa, gari ya waye da hadari, batirin sola ya yi ƙasa. Na zuba wake a sabuwar tukunya na danna, sai ta hau kuka tit-tit-tit, ta rubuto wasu haruffa ta ɗauke wuta. Na sake dannawa, ta sake. Ga lokaci yana tafiya, ga shugaban makarantarmu ba ya ɗaukar uzuri. Na yi tsaki, na hau kujera na sauko da tsohuwar daga kan kabad, na juye waken a ciki, na dire ta a baranda na murɗa maɓallin. 'Yar fitilarta ta kama ba gardama. Na ajiye kwano da ludayi don sabo kawai, na fita ina mita.

Da na dawo, kaskon fayau. Kwano a wanke, a kife a gefen tabarma. Baba yana zaune yana sakace, fuskarsa a sake.

Na tsaya riƙe da jaka ina kallon tukunyar kamar yau na fara ganinta. Maimakon in ji daɗi kawai, sai kaina ya ƙara kullewa. Wake ɗaya, manja ɗaya, hannu ɗaya. Da rana ta fito na koma wa sabuwar, ba a taɓa ba. Na dawo wa tsohuwar, aka share. Har dafa abu ɗaya na yi a duka biyun ranar Lahadi bayan coci, na rufe ido ina ɗanɗanawa kamar mai gwajin magani. In gaskiya ake so, na sabuwar ya fi laushi, ya fi daɗi. Na tambayi Baba wanne ya fi, ya ce na sabuwar mana. Na ce to me ya sa ba ya ci? Ya ce yana ci mana, ga shi yanzu yana ci. Abokiyar aikina har ta ce ko kaskon tsohuwar yana da wani sirri ne, in bincika wanda ya sayar mini. Na yi mata dariya, amma a hanya sai da na yi tunanin maganar.

Na dai haƙura na ci gaba da tsohuwar, tunda ita ake ci, ban san dalili ba. Baba ya fara mayar da jiki.

Wata Laraba aka kira taron malamai a sakatariya, aka sallami yara da wuri, taron kuma bai yiwu ba. Na iso gida rana tsaka. Tun daga bakin layi ƙamshin daddawa ya tare ni, abin da ban taɓa lura da nisansa ba. Na tura ƙofa ba sallama, gidana ne. Ga Baba, ga Bappa, gwiwa da gwiwa a kan tabarma, kwano ɗaya a tsakaninsu. Bappa yana tsince ƙayar kifi yana tura tsokar gefen Baba, Baba yana ba da labari baki cike. Farin ciki ya kama ni, bakina kuma ya riga hankalina.

"A'a, Bappa! Ashe tare kuke ci kullum? Ni da nake cewa Baba ne ke cinye kasko guda!"

Hannun Bappa ya tsaya a bakin kwano. Ya janye shi a hankali, ya jawo buta ya wanke. Ya yi murmushi, ya yi mini sannu da dawowa, ya ce bari ya je ya yi azahar kada lokaci ya wuce. Na ce ya zauna ya ƙarasa mana, akwai sauran abinci da yawa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya ja mana ƙofa.

Baba bai ƙara kai loma ba. Sai ya yi mini magana da yarenmu, wanda ba ya yi da ni sai magana ta yi nauyi. Ya ce tun yana yaro bai taɓa sa hannu a kwano shi kaɗai ba. Da 'yan'uwansa ya ci, ya ci da abokan noma, da suka watse ya ci da mahaifiyarmu. In shi kaɗai ne, loma tsayawa take a wuya. Ya ce tun makon farko da na kawo tsohuwar tukunya Bappa ya shigo gaisuwa daidai lokacin da ta nuna, shi kuma ya ce masa bismilla, shi ke nan abin ya zauna. Bappa ne ke buɗewa, shi ke zubawa, shi ke wanke kwanon. Ranar da na kai abinci falo, Bappa ya shigo ya ga wurin tukunya wayam, ba ƙamshi, ba ƙarar murfi. Ya ɗauka na gano ne na ɓoye abincina. Suka gaisa a tsaye ya tafi, bai sake dawowa ba sai ranar da ƙamshin ya sake haura katanga.

Na ce to don me bai gaya mini ba, ya bar ni ina yawon asibiti kamar mahaukaciya?

"Da na gaya miki, da kin zuba a kwano mai murfi kin aika masa," in ji Baba. "Shi kuma ya mutu da yunwa ya fi masa sauƙi. Ni ban taɓa kiransa ba, shi bai taɓa roƙo ba. Tukunyar ce take kira, ba wanda ya ji kunya."

Washegari na dafa wake a tsohuwar, na ƙara daddawa har ta yi yawa. Na dawo na tarar da shi yadda na bar shi. Haka aka yi ta yi har mako ya juyo. Ƙamshi yana haura katanga yana dawowa shi kaɗai, Baba ya koma bai jin yunwa. Yanzu na san dalili, amma sanin bai ƙara mini dabara ba. In na je na ba Bappa haƙuri, na sake tona abin da yake so a rufe. In na ce ya zo ya ci, na mai da shi mai neman abinci. In na yi shiru, Baba zai ci gaba da ramewa ina kallo. Ƙanena ya kira a tsakiyar wannan, wai abokinsa yana so ya saya wa surukarsa irin tukunyar, in gaya masa tsakani da Allah ko ta fi tsohuwar. Na hau lissafi a raina. Ta fi ta dahuwa, ta fi ta tsabta, ba ta ƙona gefe, har yau da ita nake dafa ganda ranar Lahadi. Ita ce kuma ta kusa kwantar mini da uba ba tare da ta yi laifin komai ba. Na ce masa ya tambayi abokin nasa tukuna da wa surukar take cin abinci. Ya ce wace irin amsa ce wannan, na ce ni ma ban sani ba.

Da safiyar Litinin, kafin in tafi makaranta, na yafa gyale na shiga gidan Bappa. Na same shi a ƙofar ɗakinsa yana jan carbi. Na durƙusa, muka gaisa doguwar gaisuwa, gida, ƙafa, ruwan bana. Ban ambaci Laraba ba, shi ma bai ambata ba. Sannan na ce masa alfarma na zo nema. Na ce Baba ba ya gani, kaskon nan kuwa zafi yake yi, ina aji amma hankalina yana gida, kullum ina tsoron ya ƙone. Na ce ba ni da wanda zan amince wa ya shiga mini gida in ba na nan sai shi.

"In ba zan takura maka ba, Bappa, ka riƙa leƙa mini shi da rana ka zuba masa. Ka kuma ɗanɗana mini, don ni da safe nake sa gishiri, ba na sanin yadda yake ƙarewa."

Ya ce ƙafar ce ba ta da tabbas, amma zai gani in Allah ya yarda. Ban gane ko e ba ce ko a'a. Na yi godiya na tashi.

Ranar nan ban san abin da na koyar ba. Ina ta ciro waya ina dubawa, alhali tsohuwar tukunya ba ta san wata waya ba, ba abin da za ta gaya mini. A karon farko na yi kewar mai maganar. Da aka tashi, na ƙi jiran abokiyar aikina, na tare keke ni kaɗai. A ƙofar gida na tsaya na yi sallama da ƙarfi, na jira, sannan na shiga.

Baba yana zaune shi kaɗai, ya jingina da bango. Ban iya duba kaskon ba, sai na dubi gefen tabarma. Kwanon yana nan a kife, da sauran danshi a ƙasansa. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile kamar mai jin haushi. Ya goge gemunsa da bayan hannu, ya juyo da fuskarsa inda ya ji motsina.

"Bappa ya ce gishirinki bai ji ba," ya ce. "Gobe ki ƙara."